Kofin Furar Alhaji a Bakin Shinge

Al Muraqqabat, kafin asuba

Ƙarfe huɗu saura kwata na fito daga ɗakina da takalma a hannu don kada in tashi kowa. Ashe duk gidan a farke yake. A falo na tarar da Alhaji Mamman zaune cikin babbar riga shuɗiya, ya kafa hula, turare na tashi daga jikinsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. A gabansa an jera kula biyu, tabarma, buta, da wani babban fulas da ban taɓa gani a gidan ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba a cikinku, Alhaji Mamman aminin mahaifina ne, mutumin Maraɗi, yana sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor. A gidansa da ke unguwar Al Muraqqabat nake zaune tun da na zo karatu Dubai, kuma a ƙasar nan shi ne ubana. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na tambayi inda za shi da wannan kaya.

"Inda za ka," ya ce. "Ɗan Malam Sani zai shiga teku, ni in kwanta ina barci? Mi zan ce wa ubanka?"

Ranar ce ranar gasar da na yi kusan shekara ina shiri dominta. Gasa ce mai hawa uku a jere, ba hutu a tsakani: iyo a teku na kusan kilomita biyu, keke kilomita casa'in, sai gudu kilomita ashirin da ɗaya. Wanda bai gama cikin awa takwas da rabi ba, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. Ni ba mai sauri ba ne. Duk yadda na juya lissafin, rarar da nake da ita ba ta fi minti ashirin ba. Kuma bana zan kammala karatu in koma Gusau, inda ba teku. In ban gama yau ba, shi ke nan.

Akwai wata doka da na karanta har na haddace ta. Ba a yarda ɗan gasa ya karɓi komai daga hannun ɗan kallo ba, ko da ruwa ne, kuma ba a yarda ɗan kallo ya taimaka masa da hannu ba. Wanda ya yi, an fitar da shi.

"Baba, ai na yi muku bayanin dokar nan," na ce, idona a kan fulas ɗin.

"Ka yi, na ji. Wannan doka ta 'yan kallo ce. Ni ɗan kallo ne? Fura ce, da hannuna na dama ta. Yalla, mu tafi, Isufu na jira."

Isufu shi ne direban Alhaji, mutumin Damagaram, bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Etidiyan, wato ɗalibi da Faransanci. Na same shi a ƙasa ya ɗora kekena a bayan akori-kura, ya ɗaure shi da igiyar da ake ɗaure injin mota. "Etidiyan, sava, lafiya? Yau ne yau!" Na kwance igiyar na sake ɗaurewa da tsumma a ƙarƙashi. Ba mu yi nisa ba Alhaji ya sa aka tsaya shan shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, dirhami guda kofi. Ban sha ba. Na zauna ina kallon agogo, su kuma suna hura shayi.

Abin da ya faru a Hatta

Kafin in ci gaba, sai na koma baya kaɗan, domin a Hatta, wani gari da ke cikin duwatsu nesa da birnin Dubai, aka shuka duk abin da ya same ni.

Ban taso da wasanni ba, kun sani. Ciwon baya ne ya kai ni ga ruwa. Zaman ɗakin karatu ya yi mini yawa, likita ta ce in koyi iyo, na koya a tsakiyar yara ƙanana da ke wuce ni suna dariya. Daga nan na sayi keke na hannu, na fara gudu bayan sallar asuba lokacin da ba mai kallona. Duk wannan a ɓoye na yi shi, har ranar da Alhaji ya ga hular kwano a ƙarƙashin gadona.

Wata biyu kafin gasa na so in gwada ƙafata a kan duwatsu, tun da Dubai shimfiɗe take kamar faranti. Na yi niyyar shiga bas ni kaɗai. Alhaji ya ce sam. Muka tafi mu uku wata Asabar ta hanyar da ke kauce wa iyakar Oman, kusan awa biyu a mota. Garin yana da kyau, an ce. Akwai gonakin dabino a gindin duwatsu, da madatsar ruwa kore shar. Ban ga yawancinsu ba, domin duk hawan da na yi, akori-kura na bayana da fitilu suna ƙiftawa, Isufu na jan ta a hankali kamar mai rakiyar amarya, motocin 'yan hutun mako sun yi layi suna hon. Bayan kowane ɗan lokaci gilashi ya sauka, hannun Alhaji ya fito da dabino, ko kilishi, ko kofin fura. Ni kuwa in karɓa. Yaya zan yi? Babba ya miƙo maka abu da hannunsa, a gidanmu ba a koya mana yadda ake cewa a'a ba.

Daga ranar Alhaji ya ɗauka haka ake wannan wasa: yaro na tuƙa keke, uba na ciyar da shi. Na yi masa bayani bayan nan a shago, na yi masa a kan abinci, na sa Isufu ya yi masa da Faransanci. Kowane lokaci sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla."

Bakin teku

Mun yi sallar asuba a wani ƙaramin masallaci kusa da unguwar Jumeirah da ke bakin teku, muka ƙarasa wurin gasa gari na wayewa. A ƙofar filin ajiye kekuna mai gadi ya duba lambar da ke hannuna ya bar ni na wuce, ya tare Alhaji.

"Ni ubansa ne," Alhaji ya ce da Larabcinsa na kasuwa.

"Habibi, ko kakansa ne," in ji mai gadin. "'Yan gasa kaɗai."

Na ji daɗin wannan mutum har cikin raina, Allah ya yafe mini.

Da na fito cikin kayan iyo, baƙaƙe masu matse jiki, Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa ta bayan shinge. "Ɗan liman guda cikin tufan 'yan kokawa. Isufu, kada ka ɗauki hoto." Isufu ya riga ya ɗauka.

Ƙarfe bakwai aka busa. Ba wanda ya gaya mini cewa iyo a cikin taro dambe ne. Ruwan da sanyi, da gishiri, ga ƙafafu ta ko'ina. Wani ya taka mini kai, na buɗe baki zan ba shi haƙuri, na sha teku. Daga nan na ja gefe na bar musu hanya, na yi ta jan ruwa ni kaɗai ina ƙidaya numfashi, ina ɗaga kai in nemi jar alamar da ake zagayawa. Sau biyu na karkace, mai ƙaramin kwalekwale ya nuna mini hanya da filafilinsa. Na taka yashi a daidai lokacin da na tsara, kaina na juyawa.

"Ɗan Malam! Ga fura!"

Muryar Alhaji ce, amma na sunkuyar da kai na wuce kamar ban ji ba. A tantin sauya kaya kuma ni na cuci kaina. Mutane suna tuɓewa a fili ba ruwansu, ni na tsaya da tawul a hannu ina jiran wani lungu ya zama babu kowa. Wannan jira ya ci wani ɓangare na rarata tun ban hau keke ba.

Hanyar Ras Al Khor

An rufe wa motoci hanyar keke, abin da na fi murna da shi a duk tsarin gasar. Muka fita daga gari, dogayen gine-gine suka koma baya, muka bi gefen fadamar nan da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke tsayawa a ruwa. Na sami saurin da ya dace da ni na riƙe shi. A tashoshin da masu gasa suka tanada na karɓi ayaba da goran ruwa, wannan halal ne a dokarsu.

Na manta cewa Ras Al Khor gidan Isufu ne, ba lungun da bai sani ba. Ina dosar wata gada da ta ratsa saman hanyarmu sai na hango babbar riga shuɗiya a kanta. Ba su kaɗai ba ne, sun ɗebo maƙwabtan shago, Pakistanawa biyu da wani Basudane, duk suna tafi. Daga kan gadar kuma wata leda na saukowa a bakin igiya, igiyar nan dai ta ɗaure inji, tana lilo a daidai tsayin kaina.

"Etidiyan! Kama! Kilishi ne! Ba hannu ba ne, igiya ce!"

Na kwantar da kai a kan keke na wuce ta ƙarƙashi. Baturen da ke bayana ya yi wata magana da ba zan rubuta ba.

Bayan nan hamada ce, da iska. Iskar ta tare mu gaba da gaba har wurin juyawa, da muka juyo kuma ta juyo tare da mu, ban san yadda aka yi ba. Sarƙar kekena ta zame sau ɗaya, na sauka na mayar da ita, hannuwana suka yi baƙi. Da na dawo ta ƙarƙashin gadar ba kowa a kanta sai motar 'yan sanda. Na rataye keke, na sa takalman gudu, na dubi agogo. Rabin rarata ya tafi.

Gudu

Gudun a bakin teku ne, zagaye uku, kowanne kilomita bakwai. Ma'anarsa duk inda Alhaji ya zauna, sai na wuce shi sau uku. Rana ta take. Ƙafafuna kamar an ɗaura musu buhun siminti.

A zagayen farko na gan shi ya shimfiɗa tabarma a inuwar wata bishiyar dabino bayan shinge, kuloli a buɗe, yana raba wa 'yan kallo shinkafa. Ya miƙe ya ɗaga kofi. Na dafa ƙirji na rusunar da kai na wuce.

A ƙarshen zagaye na biyu ba ya kan tabarma. Ya sami inda shinge biyu ba su haɗu ba, ya shigo cikin hanya, ya tsaya da kofin a hannu biyu. 'Yan gudu suna kauce masa. Can gaba kaɗan wata alƙaliyar gasa mai riga ruwan ɗorawa ta juyo tana kallonmu, usur a wuyanta.

"Nasiru."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na tsaya.

"Tun asuba nake bin ka. Kana wuce ni a gaban mutane kamar ba ka san ni ba. Dubi leɓenka, ya bushe. Karɓi ka sha."

Abin da na yi bayan nan ban yi shawara da kaina ba. Babba na tsaye yana mini faɗa, jikina ya yi abin da ya saba tun ina yaro. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ku yi haƙuri. In na taɓa kofin nan an fitar da ni. Ga ta can tana kallo."

Na yunƙura zan tashi, cinyoyina duka biyu suka ɗaure lokaci guda. Wanda bai taɓa durƙusawa bayan kilomita casa'in a kan keke ba, ina roƙonsa kada ya gwada. Tsokar ta murɗe kamar ana matse wanki. Na faɗi ta gefe a kan kwalta mai zafi.

"Innalillahi! Etidiyan ya faɗi!" Isufu ya tsallako shinge. Alhaji ya sunkuyo, hannu ɗaya da kofi, ɗayan ya miƙo zai kama kafaɗata. Na ga hannuwa uku suna sauko mini, na ga alƙaliyar ta kai usur bakinta.

"Kada ku taɓa ni! Ku matsa! Baba, ku koma bayan shinge! Yanzu!"

Ban san muryar ba. Ni da malamai ke cewa in ɗaga murya a aji, sai ga shi har masu sayar da lemo a can nesa sun waiwayo. Isufu ya ƙame. Alhaji ya janye hannunsa a hankali, ya dube ni, ya juya ya fita ta inda ya shigo. 

Alƙaliyar ta ƙaraso ta tambaye ni ko na haƙura da gasar. Na ce a'a. Ta ce to in tashi da kaina. Na ja jiki zuwa shinge, na kama ƙarfen, na miƙar da ƙafa ɗaya, na jira, na miƙar da ɗayar. Na fara takawa kamar tsoho. Da na dubi agogo, rarar ta ƙare ƙaf. Kilomita bakwai ɗin da suka rage sai na yi su da saurin da ban yi na farko ba.

Ba zan iya ba ku labarin zagayen ƙarshe a tsare ba. Na san na sha ruwan gishiri a kowace tasha. Na san na riƙa zaɓar turken fitila in ce zan gudu zuwa can, in na isa in zaɓi wani. Da na zo wurin bishiyar dabinon nan, ba tabarma, ba kula, ba kowa. Wannan ya fi ciwon cinya zafi. Na yi wa uba tsawa a bainar jama'a, ya kwashe kayansa ya tafi. Na yi tunanin abin da zai gaya wa mahaifina, na yi tunanin inda zan kwana, kuma duk da haka ƙafafun ba su tsaya ba. Haushi ma yana tura mutum, ashe.

Na shiga ƙofar ƙarshe saura minti uku a rufe. Wata mata ta rataya mini lambar yabo, wani ya kwance na'urar da ke ɗaure a idon sawuna domin ban iya sunkuyawa. Na nemi gefe na yi alwala da goran ruwa, na yi azahar a zaune.

Komawa gida

A wurin ajiye motoci na same su. Isufu ya karɓi keken ya ɗora. Alhaji na gaba, fuskarsa a hanya. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice. Na shiga baya da kyar, na ɗaga ƙafafuna da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Muka kama hanya har muka hau gadar da ke shiga Deira, ɓangaren garin da unguwarmu take. A nan Isufu ya kasa haƙuri.

"Mun gan ka fa lokacin da ka shiga."

"Kuna ina? Ban gan ku ba."

"Bayan motar asibiti. Alhaji ya ce mu ɓuya. Ya ce yaron nan in ya sake ganina zai sake durƙusawa, kuma wannan karon sai an kawo injin ɗaga kwantena."

"Isufu, tuƙi aka ɗauke ka," in ji Alhaji.

Muka ƙara tafiya. A wata danja ya buɗe fulas, ya tsiyaya a kofin, ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Yanzu dokar taku ta yarda?"

"Ta yarda, Baba."

Furar ta wuni a rana. Ta yi ɗumi, ta yi tsami har tana kumfa. Na shanye ta tas, ya ƙara mini, na shanye wannan ma.

Mun isa Al Muraqqabat dab da magariba. Na yi wanka a zaune. Da na fito zan ba shi haƙuri yadda ya kamata, na same shi a falo yana waya da mahaifina, ya buɗe muryar kowa na ji. Na fara lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga mini hannu da sauri.

"Tsaya a tsaye! Halas, ya isa! Ba ni da mai ɗaga ka." Ya koma kan wayar. "Malam Sani, ɗanka ya gama. Ya shiga teku ya fito, ya je hamada ya dawo. Kuma albishirinka, shina da murya. Yau na ji ta, duk Jumeirah ta ji ta."

Mahaifina ya ce a ba ni wayar. Abin da ya gaya mini tsakanina da shi ne, amma ya ɗauki lokaci, kuma a tsaye na saurare shi.

Na gode wa Allah da ya fito da ni daga ruwa ya dawo da ni gida da ƙafafuna. Na gode wa Isufu da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Mamman, wanda ya wuni a rana domina, kuma ya yafe mini kafin in roƙa. Sauran furar tana firji, ya ce tawa ce, ba mai taɓa ta sai na gama da ita.